Giga Huɗu da Keken Ɗinkina

Iliya, Dauda, Alheri, ku karanta wannan babin a natse, don ba zan sake maimaita shi da baki ba. Na gaji da gyara zance a tsakar gida, ina magana kuna ƙyafta wa juna ido wai Mama ta fara. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan littafin da kuka buga na tunawa da mahaifinku. A shafin tsakiya kun sa hotonsa yana tsaye gaban ikilisiya rungume da kwamfutar Alheri, a ƙasa kuka rubuta wai shi ne uban da ya hango gaba, ya saya wa 'yarsa injin da ya mai da ita mai zanen gine-gine. A cikin coci na karanta layin nan, ana tsakiyar waƙa, sai da na ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Ku maza biyu ina iya yi muku uzuri, Iliya yana wurin aiki a kudu a shekarar, Dauda yana bautar ƙasa. Amma ke Alheri kina nan aka yi komai, kuma da na tare ki a bakin ƙofa cewa kika yi, "Mama, ya riga ya tafi, a bar shi ya huta." To, ya huta. Ni da nake raye ban huta ba.

Mahaifinku Bitrus ba mugu ba ne, ba marowaci ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ce na zagi mamaci. A masaƙar Kakuri muka haɗu, shi a sashen rini, ni a sashen ɗinke bakin yadi. Da masaƙa ta mutu, ɗan abin da aka sallame ni da shi na sayi keken ɗinki irin na masana'anta, babba, mai aiki da wuta, na kama shago a bakin layinmu. Keken nan shi ya riƙe gidan. Kayan zumuntar mata, rigunan mawaƙan coci, yunifom ɗin 'yan makaranta, duk ta ƙarƙashin allurarsa suka bi. Shi kuma mahaifinku sai ya zuba ƙarfinsa duka a aikin ikilisiya, aka zaɓe shi dattijo, ya zama mutumin da in ya yi gyaran murya kowa ke gyara zama.

A shekarun nan samarin Kakuri ba su da abin yi. Wani ya buɗe shagon gem, wato wasan bidiyo, dab da katangar cocinmu, yara suka riƙa cika shi tun safe, ana wa'azi ana jiyo ihunsu. Kai Iliya ka fi kowa sanin shagon, don a can aka kamo ka da yunifom a jikinka ranar jarrabawa. Mahaifinku ya tara mazan coci, suka yi ta sintiri gidan mai filin har sai da aka tashi shagon. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya miƙe a gaban jama'a ya ce muddin yana numfashi, injin gem ba zai shiga gidansa ba. Aka yi ta tafi. Samarin layi suka laƙaba masa Baba Ba Gem, shi kuwa daɗin sunan yake ji. Ku haɗa wannan da al'adar gidanmu: duk wani sabon abu mai daraja sai an kai shi gaban ikilisiya an yi masa addu'a kafin a taɓa shi. Firij ya je, babur ya je, kekena ma a baro aka tura shi har bakin bagade. Kuma shi da kansa yake ɗauka ya tsaya.

Shekarar da Alheri ta shiga ajin ƙarshe na karatun zanen gine-gine, wata Lahadi da rana muna cin faten acca, ta ajiye wata takarda daga sashensu a gefen kwanon mahaifinku. Baba Markus, sakataren cocinmu, yana nan, don a gidanmu yake cin abincin Lahadi tun da matarsa ta rasu.

"Baba, an ce duk mai furojet ɗin ƙarshe sai ya nemi kwamfutarsa," in ji ta. "Ga abin da suka rubuta. Ram ɗinta kada ya gaza giga goma sha shida, kuma ta zama tana da katin hoto nata na daban."

"Wace iri ce haka?"

Ta nuna masa a waya. Baƙa ce, mai kauri, da jajayen fitilu a ƙarƙashin madannanta, a saman hoton an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta 'yan gem ce. Ya ajiye cokali.

"Wannan ai injin gem ce."

"Baba, suna ne kawai. Mai gem da mai zanen gini abu ɗaya suke nema, injin da zai riƙe hoto mai nauyi yana juya shi. Duk 'yan ajinmu irinta suke saya."

"Ni Bitrus in ɗauki wannan abin mai jan ido in tsaya gaban ikilisiya? Gaban mutanen da suka ji abin da na faɗa? Markus, kai ka san kwamfuta. Me ka ce?"

Baba Markus tsohon mai buga takardu ne a ma'aikatar gwamnati. Duk saninsa na kwamfuta shi ne buga tsarin sujada da sanarwar aure, amma a cocinmu shi ne injiniya. Ya suɗe yatsa, ya ɗaga takardar nesa da idonsa, ya yi wata 'yar dariya da har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

"Dattijo, kwamfuta kwamfuta ce. Tawa giga huɗu ce, shekara da shekaru ina aiki da ita ba ta taɓa ba ni kunya ba. Zane kuwa ai layi ne da layi. Yaran zamani sukan ƙara lamba ne don su samu abin wasa."

Alheri ta juyo ta dube ni. A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ban san ram ba a lokacin, ban san giga ba, amma na san inji. Na san ƙaramin keken gida yana ɗinka rigar jariri lafiya lau, ka sa masa tamfol sai allura ta karye. Na san wanda ke zaune a kan aiki shi ya san abin da aikin ke ci. Yarinya ta zo da takardar malamanta, tsoho ya zo da dariya, ni kuma na tashi na kwashe kwanuka, saboda matar dattijo ba ta musa wa mijinta a gaban baƙo. Shirun nan ya fi duk abin da ya biyo baya ci mini rai.

Mahaifinku da Baba Markus suka je kasuwa su biyu, ba su tafi da Alheri ba. Suka dawo da wata siririya mai ruwan azurfa, kyakkyawa, mara nauyi, giga huɗu cif. Ranar Lahadi mahaifinku ya riƙe ta a gaban jama'a, fasto ya ɗora hannu, aka yi guɗa. Alheri tana tsaye a gefensa hawaye na zuba, mata suna cewa dubi yadda yarinya ke kukan murna.

A shagona take aiki, don ina da janareto, saboda haka wata shida ina kallon abin da idona. Furojet ɗinta ɗan asibitin haihuwa ne na unguwa, hawa biyu, har da wurin zaman masu jinya a inuwa, don ta ga yadda mata ke kwana a baranda lokacin da ƙanwata ta haihu. Tun tana zana layin ƙasa abin yana ɗan tafiya. Da ta fara tayar da bango, ta sa tagogi da matakala da rufi, sai kwamfuta ta fara halinta. Ta taɓa ginin don ta juya shi kaɗan, sai wani ɗan zobe ya fito yana zagayawa. Ina iya gama hannun riga biyu zoben nan bai tsaya ba. Wani lokaci allon ya yi fari fat, aikin yini guda ya tafi. Ta roƙi 'yan ajinsu aro, amma kowa nasa ya sha masa kai. Ta sake yi wa mahaifinta magana sau biyu, ya ce ta rage gaggawa, abin da aka yi wa addu'a ba ya kasawa. Yarinya ta rame, ta daina dariya, ta koma yi wa inji magana kamar mai lallashin jariri.

Ranar kare furojet ta tafi da sassafe da sabon siket ɗin da na ɗinka mata. Kafin azahar ta dawo, ta wuce gida ta shigo shago, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙyallaye. Malamai sun ce ta buɗe ginin ta shiga da su ciki, su ga ɗakin haihuwa. Ta danna, zobe ya fito. Suka jira, suka sake jira, ɗaya ya duba agogo, sai manhajar ta rufe kanta. Hotunan ginin da ya kamata ta buga ta liƙa a bango ma ba ta samu fitarwa ba, don kwamfutar ba ta taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Suka ce ta dawo tare da 'yan baya. Shekara guda ke nan ta tafi, abokan karatunta suka wuce bautar ƙasa suka bar ta.

Da yamma Baba Markus ya zo jaje. Ina kawo masa ruwa na ji yana cewa da mahaifinku:

"Dattijo, a bincika da kyau. Irin wannan nauyin, gem ne ke kawo shi. Wataƙila ta ɗora a ɓoye."

Mahaifinku bai ce ƙarya ne ba. Ya gyaɗa kai kawai. Na dire kofin da ƙarfi har ruwa ya fallatsa wa Markus a wando, ban ba shi haƙuri ba, kuma har ya mutu ban ba shi ba.

Washegari na sa kwamfutar a jaka, na ce wa Alheri ta tashi. Muka hau bas zuwa Unguwar Mu'azu wurin Malam Nuhu, mai gyaran kwamfuta, wanda na daɗe ina yi wa matarsa ɗinki. Na ce ya duba mini ko akwai gem a ciki. Ya duba ya ce babu ko ɗaya. Ya sa Alheri ta buɗe aikinta, ya kalli zoben nan na ɗan lokaci, sannan ya juyo gare ni.

"Mama, a shagonki ina kike ajiye yadi?"

"A kabad."

"In za ki yanka fa?"

"A kan tebur."

"To kabad ɗin wannan kwamfutar ba laifi, yana da girma. Ram shi ne teburin. In aka ba ki teburin shayi aka ce ki yanka rigunan mawaƙa, yaya za ki yi?"

"Sai in shimfiɗa kaɗan, in yanka, in naɗe, in mayar, in jawo wani."

"Abin da take yi ke nan duk lokacin da kika ga zoben. Giga huɗu na buga wasiƙa ne. Takwas za ta yi aikin ofis da karatu ba damuwa. Gem na zamani da irin wannan zanen, sha shida ne mafari, mai babban aiki ma har talatin da biyu yake nema. Wallahi Mama, yadda yarinyar nan ta kai ginin nan hawa biyu a kan wannan, ta yi ƙoƙari ba kaɗan ba."

Alheri ta juya baya tana share ido. Wata shida babu wanda ya ce mata ta yi ƙoƙari.

"To a ƙara mata teburin," na ce.

Ya kwance bayan kwamfutar, ya nuna mini da bakin sukudireba.

"Kin gani? Irin siraran nan, ram ɗin a liƙe yake da allon. Babu gurbin ƙari. Yadda aka saye ta haka za ta mutu."

A cikin bas ɗin dawowa na yi ta juya abin a raina. Bayani na minti biyar, da tebur da kabad, wanda duk mai ɗinki zai gane. Da an tambayi mai gyara maimakon mai buga sanarwar aure, da an ɗauki yarinyar zuwa kasuwa, da ni na buɗe baki ranar faten acca. Na samu mahaifinku a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida yana shirya darasin nazarin mako, na faɗa masa duk abin da Malam Nuhu ya ce.

"Baban Iliya, a sayar da wannan a sayo wadda aka rubuta."

"Na riga na yi magana a gaban Allah da mutane."

"Maganarka ta fi shekarar 'yarka?"

"Maman Iliya, ki san da wa kike magana."

"Na sani. Da mutumin da ya fi tsoron dariyar samarin layi a kan hawayen 'yarsa."

Tun da muka yi aure ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya rufe littafinsa ya shige ɗaki. Ni kuma na aika wa wani tela ɗan Binuwai da ke Unguwar Boro, wanda ya daɗe yana maƙale wa kekena ido, na ce ya zo ya biya ya ɗauka. A baro aka tura shi, ta layin da aka bi da shi zuwa coci ranar da na saye shi, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko tashi za mu yi. Ban yi kuka ba sai da na koma shago na ga sawun ƙafafunsa huɗu a kan siminti.

Da kuɗin keken Malam Nuhu ya samo mana kwamfuta ta hannu, baƙa, mai kauri, mai jajayen fitilun nan, giga sha shida da gurbin ƙari a gefe. Kun san da me ya gwada ta a gabana? Da gem. Tseren motoci ya sa, ya ce in ta riƙe wannan ba ta yi tuntuɓe ba, za ta riƙe asibiti. Na tsaya, matar Baba Ba Gem, ina kallon jar mota tana shan kwana, har na ji kaina ina cewa ya taka ta da kyau. Sannan Alheri ta buɗe gininta, ta sa yatsa, ginin ya juya nan take. Ta shiga da ni ta ƙofar gaba, muka hau matakala, muka leƙa ɗakin haihuwa, hasken taga yana sauka a kan gado.

Ban karya wa mahaifinku rantsuwarsa ba. Ya ce ba za ta shiga gidansa ba, ba ta shiga ba. A shagona ta zauna, a kan teburin yanka, daidai inda babu sauran abin yankawa. Duk da haka mako bakwai bai ci abincina ba, a gidan 'yar Markus yake ci. Aikin kayan zumunta na shekarar ya koma hannun wata, makarantu suka nemi wani tela, matan da na ɗinka wa kayan aurensu suka riƙa cewa ni Saratu na fi ƙarfin mijina. Na koma ɗinkin hannu, sa maɓalli, kalmasa, jera duwatsu a wuyan riga, aikin da ke cin ido ba ya cika tukunya. Kafin gida ya sake miƙewa idona ya tafi. Sabon keken da kika saya mini da albashinki na farko, Alheri, na gode, amma kin san yana nan a rufe, ko zare ba na iya zura masa.

Shekara ta zagayo, Alheri ta shiga da malamanta cikin asibitinta, ta fito da sakamakon da har a coci aka sanar. Aka sa ranar godiya. Ranar Asabar da hantsi mahaifinku ya shigo shagona, karo na farko tun da keke ya fita. Ya tsaya yana kallon sawun nan na siminti. Na ɗauka haƙuri zai ba ni, har zuciyata ta fara saukowa.

"Maman Iliya, fasto ya ce a kawo kwamfutar gobe a yi godiya a kanta. Ki ɗinka mata riga. Yadda ba za a ga fitilun nan da rubutun bayanta ba."

"Da wane keken?"

Ya shafa kansa, ya ce rana tana yi, ya fita. Na so in jefa masa almakashi, Allah ya sani. Amma ranar 'yata ce, ba zan ɓata mata ba. Na ɗauko ragowar atamfar zumunta, na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na yi ta soka allura tun hantsi har rana ta yi sanyi. Washegari ya rungume kwamfutar a gaban ikilisiya, ya ce mun ga buƙatar yarinya, mun yi abin da ya kamata. Mun. Baba Markus ya fi kowa tafi. A daidai lokacin aka ɗauki hoton da kuka sa a littafinku.

Ba na neman ku rage ƙaunar mahaifinku. Ya yi muku abubuwa da yawa, ku rubuta su, zan taya ku tunawa. Amma wannan ba nasa ba ne. Ya saya wa 'yarsa giga huɗu da asarar shekara guda, ni na taya shi da shiruna, sannan na biya da abin da nake da shi. Kafin ku sake buga littafin nan, ku ɗauko hoton, ku sa tabarau, ku dubi rigar da ke jikin kwamfutar. Ku bi bakin ɗinkin da ido. Wani taku dogo, wani gajere, layin ya karkace wajen kusurwa. Shekara ashirin da wani abu ina ɗinki a Kakuri, babu wanda ya taɓa ganin karkataccen layi ya fito daga shagona. Wannan ɗinkin hannu ne, 'ya'yana. Ku tambayi kanku ina keken ya tafi.